Alhajin Sola

Ranar sadakar uku ina tsugune a bayan labulen zaure, ina zuba shinkafa da wake a faranti, sai na ji shugaban kwamitin masallacinmu yana gaya wa maza cewa unguwarmu ta Zongo ta yi asarar mai hangen nesa. Muryarsa har rawa take yi. Ya ce marigayi ya riga zamaninsa. Maza suka amsa, "Haka ne, Allah ya jiƙansa." Na saki ludayin na miƙe. Mma, mahaifiyata, ta kama bakin zanena ta mayar da ni ƙasa.

"Zauna. Ba yau ba."

"Mma, kin ji wanda ke magana kuwa?"

"Ƙanena ne ya mutu, ba kunnena ba. Zuba abinci."

Bayan azahar wata tsohuwa 'yar Asante, tsohuwar maƙwabciyarmu da muke kira Maame, ta iso daga Atonsu cikin baƙin zane. Ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta wuce kai tsaye baranda inda tsohon firjin marigayi Kawu yake, ta zauna a ƙasa kusa da shi tana kuka, tana cewa "Due o, due o," yadda suke ta'aziyya da yarensu. Da na je ɗaga ta, ta riƙe hannuna ta ce da tata Hausar, "Kawu naka, shi ya riƙe miji nawa shekara huɗu." A dukan hawayen da na gani a kwana ukun nan, ban da na Mma, nata ne kaɗai ban yi shakkarsa ba.

Shi ya sa na ɗauki biro. Kafin arba'in labarin zai canza, kowa a unguwar nan zai zama tsohon amininsa. Ina so a samu wuri ɗaya da aka rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Kuma kada mai karatu ya ɗauka na fitar da kaina. Zan zo kaina.

An haifi Kawu a tsohuwar Kete, a bakin kogin Volta, a zangon fataken goro. Yau ba za ka iya zuwa garin ba sai dai ka bi ta samansa da jirgin ruwa. Yana ɗan shekara goma ko kusa da haka aka tare kogin can kudu don a samar da wutar lantarki, ruwa ya fara hawa. Yakan ce ruwan bai zo da gudu ba. Da safe yara su kafa kara a bakinsa, da yamma su koma su tarar kara ya nutse. Mahaifinsu ya rasu shekara guda kafin nan, kabarinsa na nan a maƙabartar da ke gangare, kuma gangaren ruwa ya fara ci. Kakarmu ba ta yarda ta zauna a sabon garin da aka gina musu ba, ta ce ba za ta iya wayar gari tana kallon ruwan da ke kan mijinta ba. Ta kwashi 'ya'yanta biyu, Mma da Kawu, ta taho wurin dangi a Kumasi.

Ya koyi aikin waya a hannun wani maigida a Sofoline, daga baya aka ɗauke shi aikin manyan layukan wuta. Shekara talatin da wani abu yana hawa dogayen turakun ƙarfen nan da ke ɗauko wuta daga wannan dam ɗin da ya cinye garinsu. Na taɓa jin Mma ta tambaye shi yadda zuciyarsa ta yarda. Ya ce, "Yaya, an riga an nutsar da Baba. Abin da ya rage shi ne wutar ta isa gidajen mutane, kada ya zama a banza aka yi."

A gidansa na girma, domin mahaifina ya rasu ina ƙarama, Mma ta dawo da ni wurin ƙanenta. Mutum ne siriri, mai saurin tafiya, mai ƙarancin dariya. Testa, abin gwada wuta, ba ta barin aljihun rigarsa, har ranar Juma'a. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ƙwan lantarki yana ci a ɗakin da babu kowa. Sai ka ji daga tsakar gida, "Wa ya bar wannan? Kashe! Ubana ne a ƙarƙashinsa." Muna yara maganar tana ba mu tsoro, da muka girma ta koma ba mu kunya, domin ba a gidansa kaɗai yake yi ba. Ranar da aka je gaida surukaina a Kwadaso, mutanen sun kunna duk fitilun falo da tsakar rana don a ga kyan gidan. Kawu ya gaisa, ya zauna, ya yi haƙuri na kamar minti biyar, sannan ya miƙe ya bi makunnan ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Ya dawo ya zauna ya ce a ci gaba. Surukata ba ta manta ba har yau.

Yana da wani bayani da kowa a layinmu ya haddace. Zai ɗauki butar alwala ya ɗaga. Ya ce tafkin dam ɗin nan buta ne, sau ɗaya ake cika shi a shekara, da damina. In ka yi ta tsiyaya tun asuba, kafin isha'i babu abin alwala. To me ya sa za a riƙa sakin ruwa da tsakar rana don a juya inji, alhali ga rana tana ƙona ƙeyar kowa a banza? Da yini a bar rana ta ba da wuta, ruwa ya huta. In ta faɗi, a buɗe ruwa. Da damina kuma, in gajimare ya rufe rana, tafki ya cika, sai shi ya ɗauki nauyin. "Kowanne yana da lokacin da yake gajiya," in ji shi, "amma ba lokaci ɗaya suke gajiya ba."

Ya yi ritaya a shekarun dumso, wato kashe-kunna, lokacin da wuta kan tafi yini da kwana kafin ta leƙo. Masu walda suna zaune, masu sayar da ruwan sanyi suna zubar da kaya, in babu wuta famfo ma ya ƙafe. Da aka ba shi kuɗin sallama, babu wanda ya yi tambaya, kowa ya san Makka zai je. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya sun girma. Mma har ta fara gaya wa mata, ta zaɓi atamfar da za mu ɗinka ranar tarbarsa.

Wata Asabar da hantsi sai ga babur mai kaya ya tsaya a ƙofar gida. Aka sauke farantan sola shida, da manyan batura, da injin jan ruwa. Mma ta fito daga kicin hannunta duk ƙullun koko. Ta dubi kayan, ta dubi ƙanenta.

"Na wane ne?"

"Namu ne, Yaya."

"Da wane kuɗi?"

Ya juya ya ci gaba da karɓar kaya.

"Makka ka sayar ka sayo gilashi?"

"Yaya, in na je na dawo, gidan nan yana cikin duhu yadda na bar shi. Allah ya san niyyata. In da rabo zan je."

"Uwarmu ta mutu tana roƙon Allah ya kai ɗayanmu. Ni ba ni da hali. Kai aka ba, ka ƙi."

Wata biyar ba ta yi masa magana ba, suna gida ɗaya. Abincinsa ni take ba in kai masa, lokacin ban yi aure ba. Maganar da ta faɗa a tsakar gida kuwa ta fita waje a bakin mata, ba a yi mako ba samarin layi suka sa masa suna Alhajin Sola. Suna gaishe shi da shi, har da rusunawa. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa hanawa ba. Rabon Makka da ya ambata bai zo ba. Duk shekara, ranar da ake rakiyar alhazan unguwa da kabbara da motoci, Kawu yakan ɗauki bokiti da tsumma ya hau rufi wanke farantansa, ya daɗe a can fiye da yadda aikin yake bukata.

Da hannunsa ya haɗa komai. Ya yi wani makunni mai hannu a jikin bangon baranda. Da safe ya juya gidan zuwa rana, da magariba ya mayar da shi layin dam. In layin babu wuta, batura su riƙe firji da ƙwan fitila biyu. Da yini injin ya cika tanki, ya sa famfo a waje don mata su ɗiba. Ya yi a gidansa abin da yake so a yi wa ƙasa baki ɗaya.

A lokacin Maame tana haya a gidan da ke jikin namu, tana sayar da dokunu, tuwon masara da ake naɗewa a ganye. Mijinta yana da ciwon suga, allurar da yake yi kullum sai an ajiye ta a sanyi, kuma sau biyu tana lalace musu. Kawu ya ji labari, ya kwashe duk abin da ke saman firjin ya ce wannan wurin na masu magani ne. Kafin a jima kwalabe sun yi yawa, yana ɗaura wa kowace zare mai launi dabam don kada a rikita. Akwai wata damina da aka yi kwana uku babu rana, babu wutar layi. Ya cire fankarsa, ya cire rediyonsa, ya zare wayoyin kowa daga caji, ya kashe ƙwan biyun, ya bar firjin kaɗai. Babban ɗansa ya yi ta faɗa cewa wayarsa ce kasuwarsa. Kawu ya ce, "Kasuwarka za ta jira. Jinin mutumin nan ba zai jira ba."

Masu zuwa cajin waya ba ya karɓar komai a hannunsu, sai dai dole su saurari bayanin buta. Suna sauraro suna gyaɗa kai. Da sun fita ƙofa da wayarsu cike, sai in ji su suna kwaikwayon muryarsa suna dariya.

Rigimar masallaci ta zo ne da aka tashi sayen janareta. Kawu ya je taron da takarda ya zana komai: rufin masallaci yana da faɗi, a sa faranti su ja ruwan alwala su juya fankoki da yini, da dare a koma layi. Shugaban kwamiti kuwa ya riga ya yi magana da wani attajiri da zai kawo janareta da sunansa a jiki. Ban halarta ba, mata ba sa shiga, amma babban ɗan Kawu yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce shugaban ya bar shi ya gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Jama'a, wanda ya sayar da Makka ya sayi gilashi shi zai koya mana hidimar ɗakin Allah?" Aka yi dariya. Kawu ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya yi sallama, ya ɗauki takalminsa.

Na tambayi ɗan nasa, "Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Manya ne."

Da Mma ta ji kalmomin da aka yi amfani da su, ta gane nata ne. Ranar ita da kanta ta ɗauki tuwo ta kai masa ɗaki. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Daga wannan rana Kawu bai sake salla a masallacin ba, sai ya riƙa tafiya wani ƙarami a bayan kasuwa, da ciwon gwiwarsa, sau biyar a yini. Janaretan kuwa ya yi abin da ya yi, ƙara da hayaƙi, har liman ya riƙa sa a kashe shi kafin a tayar da salla.

Yanzu na zo kaina.

Ni malamar makaranta ce, ni ce mai Turancin gidan. Wata rana bayan la'asar Kawu ya kira ni baranda, ya ce in zo da takarda. Yana so a rubuta wa manyan hukumar wuta. Yana faɗa da Hausa ina juyawa. Shawararsa ita ce a shimfiɗa farantan sola a kan ruwan tafkin kansa, a kan abin da zai sa su yi iyo. Babu gonar wanda za a ƙwace, babu garin da za a sake tayarwa, ga layukan wuta a kusa, ruwan zai sanyaya farantan, su kuma su rage masa zafin rana. Daga ƙarshe ya ce in rubuta cewa shi ɗan tsohuwar Kete ne, yana roƙon in za a fara, a fara a saman garinsu, kuma wutar farko a ba jikokin mutanen da aka tayar.

Ina rubutu ina jin kunya. Faranti a kan ruwa! Na hango wani magatakarda yana karantawa yana kiran abokan aikinsa su zo su sha dariya, ga sunan makarantarmu a matsayin adireshin amsa. Da na koma gidan aurena na sake kwafa, na cire maganar Kete gaba ɗaya. Sannan na sa takardar a ƙasan akwatina. Da ya tambaya na ce na aika.

Shekara da shekaru, duk sanda na shigo gidan, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malama, sun amsa?" In ce, "Tukuna, Kawu." Ya ce, "Manya ne, aiki ya yi musu yawa." Tun ina jin nauyin ƙaryar har na daina ji.

Rannan babban ɗansa ya shigo da waya a hannu yana cewa, "Baba, zo ka ga abinka." Hoto ne mai motsi daga wani dam da ke arewa. Ga farantan sola jere a kan ruwa suna iyo, ga mai bayani yana cewa da yini rana ke aiki, a adana ruwa don dare. Kawu ya sa tabarau. Ya kalla sau uku. Ya juyo ya dube ni.

"Malama, takardarmu ta isa."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Kawu."

Ya sa babbar riga ya fita da wayar ɗansa, ya bi layi shago-shago yana nunawa. Wasu suka taya shi murna don su rabu da shi. Shugaban kwamiti ya kalla ya ce, "Madalla. To ina amsar da suka aiko maka, Alhaji?" Kawu ya ce tana hanya.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Yana ramewa amma hankalinsa garau. Wata safiya na kai masa koko, ya ce in zauna, in ɗauko biro. Yana so a yi wa manyan hukumar wuta godiya. Kuma a tuna musu maganar Kete, domin ya ga sun fara da wani dam ɗin dabam, wataƙila sun manta da ƙarshen takardar.

Na riƙe biron na kasa sa shi a takarda. Na ce ina zuwa. Na shiga tirotiro, motar haya, na je gida, na buɗe akwati, na dawo kafin azahar. Na durƙusa a gaban gadonsa na miƙa masa. Takardar ta yi ja a wurin ninki.

"Kawu, ban aika ba."

Ya juya ta gaba da baya.

"To su wa suka gaya musu?"

"Akwai masu irin tunaninka a wasu wurare, Kawu. Dama gaskiya ka faɗa."

Bai kula wannan ba. Ya miƙo mini ya ce in karanta. Na karanta da Turanci, ina mayar masa da Hausa layi-layi, har na kai wurin sa hannu.

"Ina Kete?"

"Na cire."

"Don me?"

"Na ga kamar za su yi dariya."

"Su wa?"

Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ya yi.

"Shekara nawa ina tambayarki," ya ce. Sannan a hankali, "Ashe har da ke."

Ya juya fuskarsa bango ya ce in tafi, yarana sun kusa tashi daga makaranta.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Kullum ina zuwa. Yana amsa gaisuwata, yana karɓar koko daga hannuna, bai sake tayar da maganar ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ka yafe mini," sai ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Haka yake ce wa duk wanda ya taka masa ƙafa a mota. Ya cika ranar Talata da hantsi, kansa a cinyar Mma.

Da aka watse daga sadakar bakwai, muna wanke tukwane ni da ita, na tambaye ta ko ya ambace ni a kwanakin ƙarshe. Ta ci gaba da goge tukunyarta kamar ba ta ji ba. Na sake tambaya.

"Sau ɗaya," ta ce.

"Me ya ce?"

"Ya ce kin iya Turanci."

Allah ka jiƙan bawanka, ɗan tsohuwar Kete. Ka ba shi ladan hajjin da bai yi ba, ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ruwa ba ya kaiwa. Mu da muka sha ruwansa muka yi masa dariya, ka san sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ba sai na rubuta ba.